Gyaran jiki a Garwa: halittar da ba ciwo ba, da magungunan da ake sayar mata

A babbar kasuwar Garwa, kamar a kasuwannin Marwa da Ngaundere da Yola, akwai kayan da ba a shanya su a gaban tebur. Turare da lalle da man shafawa su ne a fili. Sauran kuwa, ƙananan kwalabe da ƙullin gari a leda, sai mai saye ta sassauta murya sannan a ɗauko mata. Yanzu ma ba sai an je kasuwa ba. Ta zaurukan WhatsApp na mata da bidiyoyin TikTok, talla ce ke bin mace har cikin ɗakinta, wata da Hausar Kano, wata da Fulatanci, wata da Faransancin Duwala. Masu Hausa na cewa kayan mata ko maganin mata, masu Faransanci su ce « secrets de femme ». Alƙawarin dai ɗaya ne: matsewa, haske, ƙamshi, wani lokaci har da dawo da budurci.

Duk tallan nan a kan zato guda ya tsaya, wato akwai siffa ɗaya da gaban mace lafiyayye ya kamata ya kasance, wadda nata ya saɓa kuma tana da matsala. Awon da likitoci suka yi bai nuna haka ba.

Abin da aka auna

Hausa kan tara komai a kalma ɗaya: gaba, ko al'aura, ko farji, ko matanci. A asibiti ana raba su biyu, kuma sanin rabon yana da amfani ga wadda za ta yi wa ma'aikaciyar lafiya bayani. Akwai ɓangaren waje da ido ke gani, wanda Faransanci ke kira « vulve ». Ya ƙunshi manyan leɓɓa masu gashi, da ƙananan leɓɓa na ciki, da ɗan tsaka, da mafitar fitsari. Sai hanyar ciki da ke kaiwa bakin mahaifa, ita ce « vagin ».

A shekarar 2005, likitocin mata a wani asibitin koyarwa na Landan suka wallafa awon da suka yi wa mata 50, waɗanda babu wadda ta zo da ƙorafi a kan siffar gabanta. Tsawon ƙananan leɓɓa ya kama daga santimita 2 zuwa 10. Faɗinsu daga milimita 7 zuwa santimita 5. Zurfin hanyar ciki daga santimita 6 da rabi zuwa 12 da rabi. A cikin matan akwai Turawa da baƙaƙe da 'yan Asiya, kuma ba a ga girman ya bi ƙabila ba. Bai bi yawan haihuwa ba, bai kuma bi tarihin saduwa ba.

A 2018 aka wallafa irin wannan aiki da aka sake yi a asibitin Lucerne da ke Suwizalan, da mata 657 masu shekara 15 zuwa 84. Tazarar ma ta fi ta Landan faɗi: ƙananan leɓɓa daga rabin santimita zuwa santimita 10 a tsawo. A jikin mace ɗaya ma sau da yawa dama da hagu ba sa zuwa daidai, kamar yadda nonuwa biyu ba sa zuwa daidai. A wasu mata ƙananan leɓɓan na ɓoye a ciki, a wasu sun leƙo waje, kuma duka biyun halitta ce.

Wannan ya rushe wata magana da ke yawo a tsakanin 'yan mata da ma samari, cewa leɓɓan da suka leƙo alama ce ta mace ta san maza da yawa. Lokacin balaga ne suke girma, saboda sinadaran jiki da gado. Yarinyar da namiji bai taɓa kusantarta ba tana iya samun dogaye, uwar 'ya'ya bakwai kuma ta samu gajeru. Ana zubar da mutuncin yarinya, wani lokaci aure ya girgiza a makonsa na farko, a kan abin da ba shaidar komai ba ne.

Abin da ake so ma ya danganta da inda mutum yake. A Turai da Amurka mata na biyan kuɗi mai yawa a rage musu ƙananan leɓɓa ta hanyar tiyata, duk da ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta faɗa a 2007, ta kuma maimaita a 2020, cewa ba a tabbatar da amfani ko amincin irin waɗannan ayyukan kwalliya ba, kuma suna iya barin tabo da zafi da raguwar jin daɗi. A Ruwanda da wasu sassan Yuganda kuwa, al'ada ce a koya wa 'yan mata jan leɓɓan don su ƙara tsawo, domin a can dogon shi ne kyau. Abin da wata ke biya a yanke, wata na wahala ta samu.

Duhun fata da man bilicin

A awon Landan ɗin nan, mata 41 cikin 50 fatar gabansu ta fi ta sauran jikinsu duhu. Dalilin sananne ne. Ƙwayoyin da ke samar da launin fata sun fi yawa a wurin, kuma suna amsa sinadaran jikin mace, shi ya sa duhun ke ƙaruwa a balaga da lokacin ciki. Gogayyar cinyoyi da gumi na ƙarawa, a garin da zafin Maris da Afirilu ke wuce digiri 40. Duhun ba datti ba ne, wanki ba ya fitar da shi.

Kamaru ta san matsalar bilicin sosai, har tana da sunanta na titi, « djansang ». A watan Agustan 2022 ministan lafiya Manaouda Malachie ya haramta shigo da kayan shafawa masu ɗauke da hydroquinone da mercure da corticoïdes, da haɗa su, da rarraba su. Sai dai man da ake haɗawa a gida a zuba a kwalba marar rubutu ba ya bi ta hannun kwastan, kuma iyakar da ke tsakanin jihar Arewa da Adamawan Najeriya doguwa ce.

Haɗarin shafa irin wannan mai a al'aura ya fi na fuska. Fatar wurin siririya ce, tana cikin ɗumi da laima a rufe, saboda haka ta fi zuƙar abin da aka shafa mata. Corticoïdes na sirantar da fata har ta riƙa tsagewa, su bar nankarwa mai faɗi da ba ta gogewa, su kuma buɗe ƙofa ga ƙwayar cutar ƙaiƙayi. Hydroquinone idan an daɗe ana shafawa yakan juye ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi, wanda ya fi duhun farko muni kuma yake da wuyar magani. Mercure kuwa ƙoda yake taɓawa.

Me ya sa mace za ta yi wa kanta haka? Amsar ba a kwalbar take ba. Hotunan batsa sun shigo wayoyin maza da na mata, kuma abin da ke cikinsu zaɓaɓɓe ne, an aske, an haska da fitila, an gyara da kwamfuta, wasu an yi musu tiyata. Namijin da bai taɓa ganin komai ba sai wannan zai ɗauka haka kowace mace take. Ga kuma zaman kishi. Dokar Kamaru ta bar wa ma'aurata zaɓin auren mace ɗaya ko fiye tun wurin ɗaurin aure a magajin gari, kuma a arewa zama da kishiya ba baƙon abu ba ne. Masu talla sun san inda ke yi wa mace ciwo. Da wuya su ce mata ba ki da kyau. Cewa suke yi wata na can tana gyarawa.

Gashi da reza

A nan addini da al'ada sun riga kasuwa. Cire gashin gaba yana cikin tsaftar da Musulunci ya koyar, kuma hadisi ya nuna kada a bar shi ya wuce kwana 40. Abin da ya sauya shi ne yawan yi da kuma kayan yi. Daga halawa da dilka, waɗanda suka shigo ta hannun matan Shuwa da Barebari da na Sudan har suka zama ginshiƙin gyaran amarya daga Kusiri zuwa Kano, an koma reza kowane kwana biyu ko uku, da man cire gashi da aka yi don ƙafa.

Gashin baƙar fata murɗaɗɗe ne. Idan an aske shi ƙwal, yakan lanƙwashe ya koma cikin fata yayin tsirowa, ya tada ƙuraje masu zafi, su warke su bar baƙin tabo. Daga nan sai a nemi man da zai goge tabon, sai a faɗa bilicin. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu aske wurin sun taɓa jin rauni, yawanci yanka. Rage gashin da almakashi ko injin aski ya fi sauƙi ga fata. Mai son reza kuma ta jiƙa wurin tukuna, ta bi kwanciyar gashin, da sabuwar reza tata ita kaɗai. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a arewacin Kamaru, kuma rezar da aka yi tarayya a kanta na cikin hanyoyinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a shawarwarinta na 2018 ta ce a daina aske mata haka kawai kafin haihuwa, domin ba a ga ya rage kamuwa da cuta ba.

Matsi da wankin ciki

Nan ne kuɗi suka fi yawa, nan ne kuma ɓarnar ta fi ɓoyuwa. Ba duk kayan mata ne abin tsoro ba. Dabino da aya da kwakwa da zuma da nono da kazar amarya abinci ne, iyakar illarsu sukari ga mai ciwon sukari. Matsalar tana ga abin da ake cusawa ciki: alif, da kanwa, da ruwan lemun tsami, da garin saiwoyi, da turaren kwalba, da ƙwayoyin da ba a san mahaɗinsu ba.

Hanyar ciki ba bututu ba ce da ke buɗe. Bangonta a haɗe yake, mai naɗe-naɗe, yana miƙewa ya ba kan jariri hanya sannan ya koma. Abin da ke riƙe ta tsokoki ne na ƙasan ƙugu. Saduwa ba ta sassauta su. Haihuwa na iya raunana su, musamman doguwar naƙuda ko haihuwa a kai a kai, kuma abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne motsa su: a matse kamar mai riƙe fitsari, a riƙe na 'yan daƙiƙu, a saki, sau da yawa a rana na tsawon watanni. Likita Arnold Kegel ne ya bayyana wannan a 1948, a asibitocin masu Faransanci kuma ana kiransa « rééducation périnéale ». Ba ya cin ko dala.

Alif bai kai ga tsoka ba. Abin da yake yi shi ne busar da fatar ciki ya sa ta takura ko ta kumbura na ɗan lokaci, sai a ji kamar an matse. Busasshiyar fata kuwa tsagewa take yi wurin saduwa. Akwai ma abin mamaki a cinikin: mai sayar da maganin matsi ita ce dai mai sayar da maganin ni'ima, alhali na farkon shi ke kashe abin da na biyun ke alƙawari. Bushewar gaske tana da dalilanta, kamar shayarwa da ɗaukewar al'ada da gaggawar miji, kuma akwai man saduwa mai tsafta a kantin magani.

Haka batun wanki. Cikin farji na ɗauke da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke sa wurin ya zama mai ɗan tsami, awonsa tsakanin 3.8 da 4.5 a ma'aunin pH, kuma tsamin ne ke hana miyagun ƙwayoyi zama. Farin ruwa ko mai yauƙi da ke fita, wanda ke sauyawa da kwanakin wata, shi ne wankin da jiki ke yi wa kansa. Yana da ɗan wari nasa, ba na turare ba. Sabulu da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake tura wa ciki suna kashe masu gadin ne, sai wari mai kama da na kifi ya biyo baya, sai a ƙara wanki, sai warin ya ƙaru. A 2011 masana suka haɗa bayanan mata kusan 15,000 daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Sun ga masu wanke ciki da sabulu sun fi samun wannan rikicewar, kuma masu cusa kayan busarwa ko matsewa haɗarin kamuwarsu da HIV ya ɗara na sauran da kusan kashi 30 cikin 100. Tsarki da ruwa a waje, kamar yadda aka saba, ya wadatar.

Daga kwalba zuwa aska

Tunanin cewa gaban mace na zuwa da aibin da sai an gyara ya girmi TikTok. A ƙasar Hausa an daɗe ana kiran wanzami ya cire wa jaririya angurya a kwanakin suna, da zaton wani nama ne da zai toshe ta. Abin da ake yankewa tantanin budurci ne, wanda a jaririya yakan yi kauri ya leƙo saboda sinadaran uwa da ke jikinta, ya kuma koma da kansa cikin makonni. Akwai kuma yankan gishiri, da ake yi wa mace idan naƙuda ta yi tsawo, ko amarya ta kasa jure saduwa, ko al'ada ta ƙi zuwa. A binciken da aka wallafa a 1983 kan mata 1,443 masu yoyon fitsari a asibitin koyarwa na Zariya, kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne ya jawo musu.

Tantanin kansa ba murfi ba ne. Zobe ne na siririyar fata a bakin hanya, mai ƙofar da jinin al'ada ke bi, kuma siffarsa ta bambanta daga mace zuwa mace. A wasu yana miƙewa ba tare da ya tsage ba, shi ya sa mata da yawa ba sa zubar da jini a daren farko. A watan Oktoban 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka bayyana cewa babu wani gwaji da zai nuna ko mace ta taɓa saduwa. Abin da ba a iya gane shi da ido, babu garin da zai dawo da shi. Akan samu yarinya, jefi-jefi, da tantanin ya rufe ruf, ta balaga tana ciwon mara kowane wata ba jini. Wannan aikin likita ne, ƙarami, a ɗakin tiyata.

Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 12 ga Yulin 2016, a sashe na 277-1, ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga wanda ya yanki al'aurar wani, da ɗaurin rai da rai idan sana'arsa ce ko an rasa rai. Sashen da ke biye ya shafi masu danne nonon 'yan mata don hana shi fitowa. Nijar ta haramta kaciyar mata tun 2003, Najeriya ta yi dokar tarayya a 2015. Iyalin da ke da dangi a Garwa da Mubi da Maraɗi, duk inda suka kai jaririyar, doka ta hana.

Abin da ya kamata ya kai mace asibiti

Babbar asarar ita ce, yayin da ake maganin abin da ba ciwo ba, ciwon gaske na samun lokaci. Ruwa mai launin kore ko rawaya ko mai wari, ƙaiƙayin da ya ƙi tafiya, gyambo ko ƙari ko farin tabo a fata, jini bayan saduwa ko bayan al'ada ta ɗauke, zafin saduwa, jin wani abu na saukowa, yoyon fitsari: duk waɗannan akan tara su a kira su sanyi, a sayi maganin sanyi a kasuwa. Cututtuka ne daban-daban, maganinsu daban-daban. Wasu sai an haɗa da miji a magani, in ba haka ba su dawo. Jini bayan saduwa kuma na cikin alamun farko na sankarar bakin mahaifa, wadda Kamaru ta fara yi wa 'yan mata rigakafinta a 2020.

Akwai wata cuta da ta shafi yankin Garwa musamman. Tsargiya ta daɗe a kwarin Binuwai, da kewayen madatsar ruwan Lagdo da aka kammala a 1982, da wuraren noman rani. An fi saninta da fitsarin jini a yara maza. Amma ƙwan tsutsar na maƙalewa a bakin mahaifa da bangon farji, ya jawo fitar ruwa da ƙaiƙayi da jini bayan saduwa da zafi, wani lokaci har rashin haihuwa. An ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 ke ɗauke da wannan nau'in a Afirka kudu da Sahara. Alamunta sun yi kama da na cututtukan saduwa, har akan zargi yarinyar da laifinta kawai wanki da wanka a kogi. Maganinta praziquantel ne, wanda ake rabawa a makarantu, yarinyar da ba ta zuwa makaranta kuwa rabon kan wuce ta.

Ga Bahaushiyar Garwa akwai ƙarin shinge, na harshe. A asibitin jiha da ƙananan cibiyoyin lafiya, Faransanci ne harshen takarda, Fulatanci ne na hira. Matar da ta iya Fulatancin ciniki ba lalle ta iya na bayanin jikinta ba, kuma abin da kunya ta hana ta faɗa da Hausa ba za ta faɗe shi ta bakin ɗanta ko ƙanin mijinta da ya rako ta ba. Tana da damar neman mace ta duba ta, ta kuma zo da 'yar'uwa mace da za ta yi mata tafinta. Abubuwa uku ne ke sauƙaƙa wa ungozoma ko likita aiki: a faɗi ko a waje ne damuwar take ko a ciki, a faɗi ko ana shiga ruwan kogi ko na fadama, a kuma kawo kwalbar ko ƙullin duk abin da aka shafa ko aka cusa. Kwana biyu kafin zuwa a dakatar da su, kada kuma a wanke ciki a safiyar ranar, domin ruwan da ake ƙoƙarin gogewa shi ne za a ɗiba a kai ɗakin gwaji.